Tambayar da Ba a Yi wa Suruki

Kwana sittin da uku na yi ban kai goshina ƙasa ba, kuma ba wanda ya sani a gidan. In lokacin salla ya yi sai in shiga ɗaki in tura ƙofa, in shimfiɗa darduma, in zauna a bakin gado ina kallonta. In na ƙiyasta mai salla ya isa sallamewa sai in naɗe ta, in fito ina motsa baki kamar mai tasbihi. Ni Safiatou, shekarata hamsin da tara, haifaffiyar Damagaram, wadda tun ina 'yar shekara bakwai rana ba ta taɓa fito mini ban yi asuba ba, ga abin da na koma a New York: tsohuwa mai yi wa 'yarta ƙaryar salla.

Ba taurin kai ba ne, ku tsaya ku ji. A watan Agusta na 2016 aka yi mini aiki a ciki, aka yanke wani yanki na hanjina da ya lalace. Da na farfaɗo sai na tarar an huda mini ciki ta gefen hagu, an liƙa wata jakar roba. Likita ya ce ta nan bayan gida zai riƙa fita har hanjin ya warke, sannan a sake aiki a mayar da komai yadda yake. Abin kuwa ba ya neman izini. Ina zaune ana hira sai in ji ɗumi a gefen cikina, in san ya zo.

Ranar da aka sallamo ni daga asibiti, alwala huɗu na yi don azahar ɗaya. Kowace kafin in ɗaga hannu in yi kabbara sai in ji jakar ta motsa. Na ɗauko ɗan littafin da na zo da shi daga gida, mai koren bango, wanda muka karanta a makarantar matan aure. Na sa tabarau na bi shi layi-layi da yatsa. Ya ce abin da ya fita daga ciki yana karya alwala. Ya ce ba salla ga mai najasa a jiki ko a tufa. Daga nan ya wuce babin taimama abinsa, bai waiwaye ni ba. Sai na ga ai in na tsaya gaban Allah da wannan abu a ɗaure a cikina, rainin hankali ne, gara in jira a cire. Da na fara jiran ban san zai kai wata biyu ba.

Abin haushin shi ne amsar tana bayan bango ɗaya da ni. Mijin 'yata malami ne. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, mu dai a gida Baban Shamima muke cewa. Shekara takwas ya yi yana karatun fikihu kafin ya zo ƙasar nan, da rana yana tuƙa tasi, da magariba yana limanci a ɗan masallacinmu na Port Richmond. Daga Bronx ake kiransa, daga Ohio ake kiransa, ina jin muryarsa ta bango yana warware wa mutane gado da saki da zakka. Amma suruki ne. Shekara goma sha ɗaya da auren, ba abin da ya taɓa haɗa ni da shi sai gaisuwa. Da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ina kwana," in amsa ina kallon gefe, shi ke nan sai gobe. Ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba, a gidan da ɗaki biyu ne da banɗaki ɗaya. To wannan mutumin zan tara in ce masa ga abin da ke fita daga cikina, ga inda yake fita? Haba.

Ya san an yi mini aiki, iyakar saninsa ke nan. Na sa 'yar tawa ta rantse ba za ta faɗa masa maganar jakar ba. Ita ma ba zan iya tambayarta maganar salla ba, don 'yar fari ce, kuma na san halinta: kafin in rufe baki ta kai wa mijinta, don a wurinta duk tambayar duniya shi ne amsarta. Na gwada waya. Wa'azin da ake turo mana a WhatsApp na saurara har kunnena ya yi zafi, wannan ya ce kaza, wancan ya fito ya zagi na farkon, ba wanda ya ambaci mace mai jaka a ciki. Na aika wa wani malami a gida tambaya ta bakin ƙanwata, a lulluɓe. Ya aiko da addu'ar samun lafiya mai tsawo, ya bar tambayar inda ya same ta.

Ranar Talata muka je asibiti shirin aiki na biyu, wanda aka sa ranar Litinin. Suka kira tafinta ta waya ya karanta mini takardar da zan sa wa hannu. Yaron ya iya Hausa, ya kuma iya tsoratarwa. Ya ce jini na iya ɓallewa, ya ce zuciya na iya tsayawa, ya ce akwai wanda ake sa wa maganin barci bai farka ba. Na sa hannu. Tun daga nan abinci ya daina shiga. Ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba, wallahi. A ce an ɗauke ni ranar Litinin, a tambaye ni salla, in ce ina jiran likita ne.

Da safiyar Alhamis na ce wa 'yata zan raka Adjara kasuwa in sha iska. Adjara maƙwabciyarmu ce, mutuniyar Kumasi, tana sayar da man kaɗe da sabulun salo a kan tebur a titin 125th a Harlem. Ta taɓa aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ita ta koya mini yadda ake canza jakar ba tare da fata ta saɓule ba, don haka ba abin da zan ɓoye mata a jikina. Na salla ne kawai ba ta sani ba. Muka hau bas zuwa tashar jirgin ruwa ta St. George, muka shiga feri cikin masu tafiya aiki. Sai da jirgin ya yi nisa da gaɓa na faɗa mata, ina kallon ruwa.

Ta ajiye kofin shayinta a kan benci. "Hajiya, kwana nawa kika ce?"

"Sittin da uku."

"Kina gida ɗaya da liman?"

"Adjara, in za ki taimake ni ki taimake ni. In ba'a za ki yi, ga ruwa nan, sai in sauka."

"Ku mutanen Nijar da kunyarku sai ta kai ku kabari," in ji ta. "Ni surukina har kitso nake yi a gabansa." Amma ta riƙe hannuna, ba ta saki ba har muka isa. Na ce mata littafi nake so, babba, na gaskiya, wanda zan karanta da idona ba sai na buɗe wa namiji baki ba. Ta ce ta san inda za a samu.

Shagon Alhaji Hamidou yana wani lungu da ya ɓalle daga 125th, siriri ne, mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. Mutumin garin Tawa ne, dattijo mai farin gemu. A gaba turare da huluna da carbi da dabino, a can ƙurya kuma littattafai tun daga ƙasa har rufi. Da na gan su sai raina ya ɗan kwanta, na ce a cikin wannan tulin ai ba za a rasa ni ba.

"Hajiya, wane iri ake nema?"

"Na fikihu. Na tsarki da salla."

"Na Larabci?"

"Ba na karantawa, sai abin salla."

"Turanci? Faransanci?"

"Alhaji, aji huɗu na yi aka cire ni. Hausa."

Ya fara saukowa da su yana jerawa a kan kwalin dabino. Wasu 'yan sirara ne irin nawa na gida, na buɗe na ga maganar ɗaya ce, har jerin bai canza ba. Wani an yi hotonsa da inji an ɗinke da waya, shafi na talatin yana bin na goma sha takwas. Wani mai ƙyalƙyalin bango na ɗauka, don ya yi kauri, sai Alhaji ya karɓe daga hannuna.

"Wannan bar shi. Duba, ba sunan wanda ya rubuta, ba sunan inda aka buga, kuma ba ya faɗin inda ya samo maganarsa. Ni ko a gidana ba na ajiye shi."

"To me yake yi a shagonka?" in ji Adjara.

"A kwali ake haɗo mini su, Hajiya Adjara, ba ni nake zaɓa ba. Ni ɗan kasuwa ne, ba malami ba." Ya juya gare ni. "Abin da nake yi, akwai malamin da ke zuwa duk bayan 'yan watanni ya zauna a kan kujerar nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yarda da shi sai ya sa masa ɗigo da fensir a cikin bango. Wanda ba ɗigo, in mutum ya nace in sayar masa, amma sai na gaya masa."

Na ce ya ba ni masu ɗigo kawai. Na Hausa guda uku ne a duk shagon. Biyu na masu fara karatu ne. Na ukun mujalladi biyu ne masu nauyi, fassara daga Larabci a kan mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, da sunan mai fassarar da sunayen malamansa a shafin farko. Alhaji ya ba ni kujera. Na sa tabarau, na bi jerin babobi da yatsa. Can na ga babin masu uzuri.

Na karanta shi sau biyu, a hankali, don ni karatuna ba ya gudu. Ya yi maganar mai yoyon fitsari da mai iskar da ba ta tsayawa. Ya ce in abin yana lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye, ga hukuncinsa. In bai kai rabi ba, hukuncin daban. In yana da lokacin da yake ɗaukewa, nan ma daban. A ƙasa da ƙananan haruffa ya kawo maganar abin da ya fita ta wata kafa da ba wadda aka saba ba, ya ce a duba ko ƙasa da tumbi take ko sama, a duba ko hanyar asali ta toshe. Na ɗora hannu a cikina ta saman mayafi. Ina tumbi ya ƙare, ina hanji ya fara? Rabin lokaci, da dare za a ƙirga ko ban da shi? Jaka kuwa ko sau ɗaya bai ambace ta ba. Ga littafi na gaskiya a cinyata, mai ɗigo, ya kawo ni bakin ƙofa ya tsaya. Hawaye ya ɗiga a kan shafin, na yi maza na goge da gefen mayafi don kada a ce na ɓata kaya.

"Hajiya, ba a samu ba?" in ji Alhaji.

"An samu, ban san ko da ni yake ba."

"To ai littafi ba ya tambayar mutum halinsa. Bari in kira mai ɗigon, yana ɗauka in ba ya da fasinja."

Kalmar fasinja ta wuce ta kunnena ban kama ta ba. Masu tuƙa tasi a garin nan da suka yi karatu ai ba su ƙirguwa. Alhaji ya danna wayar, ya buɗe sipika ya ajiye ta a kan kwali, don ya ce kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Ta yi ƙara sau uku. Aka ɗauka aka yi sallama, da wannan ɗan jan numfashin da nake ji ta bango kullum. Muryar surukina ce. Na haye ruwa, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi tafiyar awa biyu don in guje wa mutum ɗaya, ga shi a kan kwalin dabino.

Na damƙi hannun Adjara. Ita ma ta gane, ta rufe bakinta da tafi, don in ta yi tari ma zai san ita ce. Na yi wa Alhaji alama da hannu ya kashe, shi kuwa ya ɗauka cewa nake ya yi sauri.

"Malam, wata baiwar Allah ce a nan take da tambaya a kan tsarki."

"To, Alhaji, ina ji. Ina da kamar minti biyar kafin in ɗauki wani a filin jirgi."

Adjara ta ja Alhaji gefe ta raɗa masa a kunnen da ke ji. Na ga fuskar dattijon ta canza, ya sunkuyar da kai, ya shafa gemu. Ya dawo kan wayar yana in'ina.

"Wato, Malam, lalura ce. An yi mata aiki. Ka dai gane, irin abin nan na rashin lafiya. Alwalar ce ba ta zama."

"Ban gane ba, Alhaji. Wane irin aiki? Me ke fita, ta ina, kuma yaushe?"

"To, abin dai da nauyi a baki."

"Na sani. Amma ba zan ba da amsa a kan abin da ban fahimta ba, in na yi haka na cuce ta. In tana kusa ta yi magana da kanta. Ban san ta ba, ba ta san ni ba, kuma ba a jin kunya a wannan."

Ina jin ƙarar siginar motarsa, ƙyat, ƙyat, ƙyat. Alhaji yana kallona, Adjara tana kallona. Na duba ƙofa, taku shida ne, in na fita ba wanda zai san na zo. Sai in koma gida da mujalladi biyu da ban san ko da ni suke ba, in zauna a bakin gado Juma'a da Asabar da Lahadi, ranar Litinin a tura ni ɗakin aiki yadda nake. Tsoro biyu suka haɗu a ƙirjina, na rasa wanda ya fi. Na jawo kujerar kusa da kwalin.

"Hanji aka yanke," na ce. "Aka huda ciki ta hagu aka sa jaka. Ta nan bayan gida yake fita, ba na iya riƙe shi."

Siginar ta tsaya. Na ji motar ta rage gudu, na ji ya ja birki, na ji ya kashe injin. Na rufe fuskata da mayafi duk da ba ya ganina, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige. Shirun ya yi tsawon da har Alhaji ya leƙa wayar ya ga ko ta yanke.

"Alhaji," in ji shi daga baya, muryar ta yi ƙasa, "tambaye ta, hudar tana sama da cibiya ko ƙasa?"

Alhaji ya buɗe baki zai maimaita, na riga shi. "Ƙasa kaɗan."

"Alhaji, tambaye ta, tun da aka yi aikin, hanyar da aka saba ta daina?"

"Ta daina."

"Alhaji, tambaye ta ko abin yana da lokacin da ta san yana ɗaukewa, ko kuwa ba ta da tabbas a kowane lokaci."

"Ba shi da lokaci. Dare da rana."

Haka muka yi, yana tambayar Alhaji, ina amsa wa kwali. Dattijon ya tsaya a tsakani yana juya kai, ba a bar shi ya ce uffan ba. Ko sau ɗaya surukina bai ce Inna ba, kuma na san saboda ni ya yi hakan.

"To, Alhaji, a faɗa wa mai tambayar ita mai uzuri ce, babin masu uzuri da ke cikin mujalladi na farko na babban littafin Hausar nan na shagonka da ita yake. Ta gyara jakar iya iyawarta, ta yi alwala, ta yi sallarta. Abin da ya fita bayan nan ba ya karya mata, abin da ke cikin jakar kuma an yafe mata shi. In ta sabunta alwala a kowace salla ya fi, don wasu malaman sun wajabta hakan, amma sau ɗaya, ba ta yi ta maimaitawa ba. Ko tana cikin salla ta ji ya zo, kada ta yanke." Ya ɗan tsaya. "A ina ta samu cewa alwalarta ba ta zama?"

"A ɗan littafin makaranta," na ce.

"Littafin bai yi ƙarya ba, Alhaji. Na masu fara karatu ne, kuma da lafiyayyu yake magana. To yaya take yi da sallar tun da aka yi aikin?"

Nan ne na so in mutu. Da ya tsaya a maganar jaka da na ce na tsira da rabin mutuncina. Adjara ta matse mini kafaɗa.

"Ba ta yi," na ce.

"Tun yaushe?"

"Kwana sittin da uku."

Na ji ya ja numfashi, ya sake shi a hankali. Shi ne mutumin da kullum yake rage muryar rediyo in ya ga na shiga ɗaki da darduma.

"Alhaji, a faɗa mata ba raini ne ya hana ta ba, tsoron Allah ne, kuma Allah ya san haka. Amma sai ta rama. Ɗari uku da goma sha biyar ne. Ta fara da wadda lokacinta ya shiga yanzu, sauran ta bi su a jere gwargwadon ƙarfinta, ko a zaune. Kada ta jira a cire jakar." Ya yi gyaran murya. "Fasinjana yana jira. A gaishe ta."

Ya kashe. Alhaji Hamidou ya ce, "Kin ji malamin kirki, Hajiya, ba ya wulaƙanta mai tambaya. Da za ki samu lambarsa ki riƙe." Adjara ta juya baya tana duba carbi, kafaɗunta suna rawa, ban san dariya take ko kuka ba.

Azahar ta riga ta shiga. Na tambayi Alhaji ko yana da inda ake alwala. Ya nuna mini wani ɗan banɗaki a baya, ya shimfiɗa mini sabuwar darduma daga cikin na sayarwa a tsakanin kwalaye, ya nuna mini gabas. Na gyara jikina, na yi alwala sau ɗaya. Na ɗaga hannu na yi kabbara. A raka'a ta biyu na ji ɗumin nan a gefen cikina, duk jikina ya ce in yanke in koma banɗaki. Ban yanke ba. Na yi sujada na daɗe, na jiƙa wa Alhaji dardumarsa da hawaye, dole na saye ta tare da littafin.

A feri muna dawowa wani tsoron ya taso, na yadda zan haɗa ido da shi. Ashe ban san mutumin ba. Da asuba ya fita kafin in buɗe ƙofa, sai in ji gaisuwarsa daga falo kamar kullum, ba ƙari ba ragi. Ya daina dawowa cin abincin rana. 'Yata ta ce aiki ne ya yi masa yawa, ta kuma yi mini tsiya wai tsoron wuƙar likita ya sa na koma waliyyiya, kullum ina ɗaki a kan darduma. Daga nan na gane bai faɗa mata ba.

Ni kuwa ramuwa nake. Asuba, azahar, la'asar, magariba, lisha, in sake komowa asuba. In ƙafa ta gaji in zauna, in baya ya gaji in jingina da gado. Ina ɗaura ƙulli a zare duk kwana ɗaya da na biya. Na so in gama kafin Litinin, na ƙirga na sake ƙirgawa, na ga ko ban ci ban sha ba ba zan kai ba. Ranar Lahadi da yamma jiri ya kwashe ni a ruku'u, na dafa bango na zauna ina haki. Na duba zaren, ko rabi ban yi ba, ga gobe ta zo.

Ranar Litinin da hantsi shi ya kai mu asibiti a tasinsa, don ba yadda za a yi. Na zauna a baya ta gefen da madubinsa ba ya kama ni. 'Yata tana gaba tana ta lissafa abin da ta sa a jakar kayana, ba mai amsa mata. Da muka tsaya a ƙofar asibitin ta ce mu jira ta shiga ta nemo keken tura marasa lafiya. Ta rufe ƙofa ta tafi, aka bar ni da shi a mota, karo na farko a shekara goma sha ɗaya.

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. Na ƙura wa bayan kujerarsa ido. Motar asibiti ta wuce mu da jiniya, wani mai gadi ya yi masa alama ya matsa, ya ɗaga masa hannu yana roƙo.

"Nawa suka rage?" Da sitiyarin ya yi maganar.

"Ɗari da casa'in da huɗu."

Ya gyaɗa kai.

"Ban gama ba," na ce. "In ban farka ba fa?"

"Wanda ya kama hanyar ramuwa da gaskiya, muna kyautata masa zato wurin Allah." Ta gilashi na hango 'yata ta fito tare da wata nas suna turo keken. Sai ya ce, da sauri, kafin su iso, "Amma sai a fito a ƙarasa su, Inna. Wannan ba wanda zai iya yi miki."

Na ce masa to. Ya fita ya buɗe mini ƙofa, ya kawar da kai gefe har na sauka.